Falanki Arba'in da Biyu

Litinin 4 ga wata, 6 na yamma

Sakamako ya fito. 46. Ana neman 50.

Ni fa. Sarkin Katako. Shekara ashirin da bakwai a kamfanin nan, ina kallon bakin ƙofa in faɗi faɗinta kafin a ciro tef. Aikin hannu na ci 91, mai dubawan har saida ya shafa teburin da nayi yace wannan ba a cin abinci akai sai dai a kalla. Lissafi ne wai ya kadani. Dogo abokin aikina, wanda ko kujerar tsugunno sai ya auna sau uku yana gumi, ya ci 54. Nace Dogo faɗi gaskiya mai makin surukinka ne ko. Yayi rabin dariya ya juya. Tun maganar ƙofofin nan dariyarsa rabi ce. Bazan shiga wannan ba.

Sabbin masu kamfani sunce duk kafintan da bashi da satifiket zuwa ƙarshen wata ya kwashe kayansa. Shiyasa muka yi wata uku a ajin yamma da furfurarmu. Wannan littafin ma na ajin ne, malamin lissafi yace in dinga rubuta abinda ya faru kullum ko hannuna zai saki, wai rubutuna kamar kaza tayi tono. Ragowar shafi dayawa, bari in cinye.

A gida nacewa Gwamnati sakamako bai fito ba. Matata kenan. Duk abinda tace doka ne kuma ba ɗaukaka ƙara.

Talata 5, hutun rana

An manna sunaye a allon bakin ofis. Mu biyar ne a ƙasan jan layi. Na tsaya a gaban allon ina ba mutane dariya, nace kunga ni ko a faɗuwa na ɗaya nazo, sauran huɗun duk ƙasa dani suke. Akayi ta dariya. Mai gadi ne ya karanto min sunayen, nace masa hannuna da gam.

Manaja yaro ne, sa'an ƙanina na uku. Yace Baba kafinta akwai fom na ƙorafi, za a baka ka ga takardarka a sake dubawa. Nace yallaɓai a kawo, yau za a ga wanda bai iya ƙirga ba tsakanina da mai jan biro.

Laraba 6, da safe

Shayi ma ba daɗi.

Alhamis 7, 5 da rabi na yamma

Matar Dogo ta riga ni. Na shigo na tarar da Gwamnati zaune bakin gado tana ninke kaya da ƙarfi kamar kayan ne suka mata laifi.

Tace Malam 46 ɗin ce bata fito ba.

Nace ai kuskurensu ne, ina jira su gyara in kawo miki cikakke.

Tace kai dai bakinka baya hutu. In suka sallameka a shekarunka ina zaka.

Nace ni ake nema ba ni nake nema ba. Tace wa ke nemanka. Na duƙa na hau cire takalmi.

Farfesa na jinmu daga ɗaki. 'Yata ce babba, tana kwalejin malamai kuma lissafi take karanta, ni na raɗa mata Farfesa tun tana aji biyu. Ta fito tace Baba ka nuna aikinka a takardar dai ko. Nace takardata tafi ta kowa tsafta a ajin nan, ko ɗigon datti babu. Ta kalleni wani iri. Tace me kake nufi da tsafta. Nace ke dai jira ki gani.

Asabar 9, ƙarfe 2 na rana

Naje makarantar. Malam Jan Biro, haka muke ce da malamin lissafin, ya fito da kwafin takardata. Dogo ma yazo karɓar nasa satifiket, Malam yace ya zauna in bai damu a buɗe tasa ba. Yace a buɗe.

Tambaya ta 7 maki takwas ce. Ɗaki ne tsawo mita 5, faɗi kaza. Kowane falanki yana rufe rabin mita sikwaya. A ƙara kashi ɗaya cikin goma na ɓarna. Falanki nawa za a sayo. Wannan ai aikina ne, ko daga barci aka tasheni. Amsa 40. Na rubuta 42. Sifili.

Dogo ya rubuta 36. An bashi bakwai cikin takwas.

Nace Malam tsaya. Ni na wuce da biyu, shi ya gaza da huɗu. In ɗakinka ne wa zaka ɗauka aiki. Nawa falanki biyu ya ragu kayi benci. Nasa kusurwa guda ƙasa ce tsirara, matarka na taka siminti.

Malam yayi murmushi yace Sarki mu ba amsa kaɗai muke wa maki ba, hanya muke bi. Ya juyo min takardar Dogo, baƙi ƙirin da rubutu kamar bangon makewayi. Yace duba, a layin farko ya ninka ya samu 16 maimakon 18. Nan yayi kuskure, nan na cire maki ɗaya. Daga nan ya ɗauki 16 ɗinsa ya raba daidai ya samu 32. Ya ƙara na ɓarna daidai. Ya cike zuwa falanki cikakke daidai. Ya nuna min wata alama, tik ce mai ƴar wutsiya. Yace wannan tana nufin na bika da kuskurenka, abinda kayi dashi daidai ne. Kuskure sau ɗaya ake cire masa maki, ba a bin mutum dashi har ƙasan shafi.

Nace to ni ma a bini.

Yace ta ina. Ya ɗaga tawa. Fara tas, 42 ne kawai a ƙasa da layi biyu dana ja da rula. Yace wannan 42 ɗin zata iya fitowa daga aiki mai kyau, zata iya fitowa daga takardar maƙwabci, zata iya faɗowa daga silin. Ina aikin.

Nace na goge.

Yace ka me.

Nace na goge mana. Nayi lissafin da fensir a gefe, dana gama nasa magogi na share tas na hure. Wa ke miƙa aiki da zanen fensir a jiki.

Malam ya cire tabarau ya riƙe goshi. Dogo na kallon takalminsa.

Lahadi 10, da hantsi

Maigidana da ya koya min sana'a, Allah ya jiƙansa, in ya ga zanen fensir a jikin kabad da aka gama sai ya kira duk shago a taru a kalla. Yace mai kaya ba lissafinka ya saya ba, kabad ya saya. Da sanfefa zaka bi ko ina har ciki inda ba mai gani. Na sha ranƙwashi akan wannan har kaina yayi ƙwari. Shekara talatin da biyar ban miƙa aiki da fensir a jiki ba. Yanzu wai shine laifin.

Malam yace ya faɗa a aji sau uku, kar a goge, a ja layi ɗaya akai in ba a so. Ƙila ya rubuta a allo ne. Ni a baya nake zama saboda in ba yara dariya.

Ba don komai nake zama a baya ba. A gaba ma ɗaya ne.

Na goge layi biyu anan.

Talata 12, 6 saura na yamma

Farfesa ta matsa saida muka koma tare, tace a nuna mata ainihin takardar ba kwafi ba. Malam ya yarda amma yace kar a taɓata da komai. Ta kaita bakin taga ta karkata. Ashe hannuna mai nauyi ne, fensir ya bar rami a takardar duk da na goge.

Tun a hanya ta riga ta lissafa da baya. Tace 42 daga 38 take, 38 daga 19, 19 kuma sai in an ninka 5 da 3.8. A taga ta gani da idonta, 3.8.

Tace Malam ga aikin nan ana gani, komai daidai.

Yace na gani ɗiyata, kuma na yarda. Amma ƙa'ida tace abinda aka ja wa layi ana dubawa in yana karantuwa, abinda aka goge babu shi. Da ya barshi, maki ɗaya zan cire na kwafe lamba ba daidai ba, ya tashi da bakwai. 53 kenan.

53. Na rubuta in kalla.

Sai ta juyo tace Baba tambayar 3.6 tace ba 3.8 ba. Nace injin da ya buga takardar tawada ta masa yawa. Ta sake kallon takardar tambayar.

Abin haushi, tambayar ƙarshe lokaci ya ƙure ban samu na goge ba, na miƙa ina jin kunya kamar na fita ba wando. A nan na ci biyar cikin shida. Tik mai wutsiya har uku. A nan ma wai na kwafe 16 a matsayin 18.

Na cike fom ɗin ƙorafi. Farfesa ta rubuta ni na sa hannu.

Laraba 13, hutun rana

Fitilun shagon nan basu da haske. Na faɗawa mai lantarki yace sababbi ne.

Alhamis 14, 7 saura na yamma

Munyi faɗa da Farfesa. Na farko tunda aka haifeta.

Ta miƙo min kwalbar maganin uwarta wai Baba duba min ranar lalacewa hannuna da ruwa. Hannunta a bushe. Nace ke da kike Farfesa ni zan karanta miki. Tace to kalandar can, yau nawa. Nace 14, ai na sani. Tace lambar wayar dake ƙasan kalandar fa. Nace ni ba ɗalibinki bane, ki bari sai an baki aji.

Tace Baba tambaya biyu a jarabawar nan, duk shida da takwas ka rikita.

Nace ki iya bakinki.

Tace gaban injin yanka kake tsayawa kullum.

Na daka mata tsawa. Ban taɓa ba. Ta shiga ɗaki, Gwamnati ta bini da ido har bakin ƙofa, wannan kallon yafi zagi. Na zauna a waje ina gaida masu wucewa da ƙarfi don a san lafiya lau nake.

Jumma'a 15, 4 na yamma

Sabuwar magana. Manaja ya tara mu yace ba satifiket kaɗai za a duba ba, duk mai takardar gargaɗi a fayil cikin shekarar nan shima yana layin fita. A sashenmu mutum ɗaya ne mai ita. Dogo.

Ƙofofin nan ne. Wata biyu da suka wuce, ƙofa goma sha biyu na wata makaranta. Dogo yaje ya auno ya rubuto, ni na yanka. Da aka kai kowace ta gaza da santimita biyu, yatsa na shiga ta gefe. Ni a 76 na yanka, bakin ƙofa 78 ne. Aka tambaya, nace rubutun Dogo ne, takwas ɗinsa kamar shida mai ciki. Akayi dariya. Aka ce ina takardar awon, nace ta bi shara. Aka bashi gargaɗi. Bai yi musu ba, shi dama baya musu, in ka taka ƙafarsa shi zai ce yi haƙuri.

Duk abinda nayi bayan 76 ɗin daidai ne. Sikwaya, gam, fatar maƙala ƙofa, ko ina zam. A raina nace da ace Malam Jan Biro ne ya duba ƙofofin da na ci bakwai cikin takwas. Katako baya bada makin hanya. In ka yanke ka yanke.

Dogo ƴaƴansa shida, na ƙarshen ko tafiya bai fara ba. Ya ci jarabawarsa da guminsa.

Yau ban tsokani kowa ba har mai shara yace Sarki lafiya.

Lahadi 17, da rana

Ba komai. Na gyara ƙafar kujera. Farfesa na gaisheni ina amsawa, shikenan.

Litinin 18, 6 na yamma

Amsar ƙorafi ta dawo. 47. Sun tsinto maki ɗaya a wani wuri da aka manta ba a haɗa ba. Nace to madalla, in na kai ƙorafi sau uku nan gaba na haye. Malam bai yi dariya ba.

Ya rufe ƙofar ofis. Yace Sarki zan faɗa maka abu ba a matsayin malami ba. Akwai wani fom daban. In likita ya rubuta cewa mutum na da matsalar karanta ƙananan rubutu, ana sake masa jarabawa cikin sati biyu da takarda mai manyan baƙaƙe. Kai lissafinka lafiya lau yake, na gani a tambayar ƙarshe. Layin farko ne kawai ke cinka.

Nace wannan fom ɗin kwafinsa na zuwa kamfani.

Yace dole, su suka turo ku.

Nace to wa zai bar mai irin wannan takardar a gaban injin yanka.

Yace wannan ba lissafina bane.

Na karɓi fom ɗin don kar ya ji kunya. Yana aljihun rigar aiki na ninke shi huɗu. In ban cike ba na tafi saboda 47. In na cike na tafi saboda abinda aka rubuta a ciki. Kowace hanya amsar ɗaya ce, ko Dogo zai iya wannan.

Talata 19, bayan an tashi

Ina tura falanki a inji sai naji ya mutu. Na ɗauka wuta aka ɗauke. Dogo ne a bayana hannunsa akan makunni.

Yace Sarki ina layin da kake bi.

Nace gashi nan.

Yace wannan jijiyar katako ce. Layin yana nan. Ya kama yatsana ya ɗora. Tsakanin babban yatsana da haƙoran zarto bai kai faɗin akwatin ashana ba.

Nace gwada ka nake in ga ko kana lura. Yace to na lura. Yace tun kafin ƙofofin na lura, tun ranar da ka fara cewa in karanto maka tef wai kana koya min. Nace to meyasa baka faɗa a ofis ba ranar da aka baka takarda. Yace kai ka kawoni kamfanin nan, kai ka tsaya min. Ka ɗauka zan tsaya gaban yaron can in ce maigidana baya... Bai ƙarasa ba. Ya kunna injin ya karɓi falankin daga hannuna ya yanka da kansa.

Da zagina yayi da na samu abin faɗa.

Laraba 20, da safe

Sau ɗaya ake cirewa inji Malam. Ba a bin mutum dashi har ƙasan shafi. To in shi ya ɓoye layin farkon fa.

Alhamis 21, 3 na rana

Gwamnati ta zartar da doka. Da safe na tarar ta saka mayafi ta riƙe jaka tace tashi. Nace ina. Tace ka sani. Nace aiki fa. Tace na aika ance baka da lafiya, kuma ba ƙarya nayi ba.

Layi dogo. Na ba mutanen layin dariya sosai, wata tsohuwa har tana share hawaye. Da aka kirani aka rufe min ido ɗaya aka nuna allon baƙaƙe, nace likita na sama dai na ganshi ƙato ne kamar Dogo. Aka rufe ɗayan. Nan ban samu abin dariya ba.

An ɗiga min magani an haska an sake haskawa. Likita ya faɗi sunan abin, dogon suna, bazan iya rubutawa ba. Ya tambaya tun yaushe. Nace kwanan nan. Gwamnati tace wata takwas, tun lokacin da ya daina sa min zare a allura yana cewa shi ba tela bane. Ashe ƙirgawa take.

Nace tabarau zai gyara ko. Yace zai taimaka wa na dama. Na hagu za a yi ƙoƙari a tsayar dashi inda yake. Yace da kazo da wuri. Ya cike fom ɗin Malam ya buga hatimi, ya ƙara layi ɗaya da hannunsa akan inji.

A hanyar dawowa ta riƙe min hannun riga wajen tsallaka titi. Nace sakeni mutane na kallo. Bata saki ba.

Asabar 23, ƙarfe 11 na safe

Na ɗauko akwatin kayan aikina na zazzage. A ƙasa ƙarƙashin tsohon filen feran katako takardar awon Dogo take. Bata bi shara ba. Ni na sata a wurin. Ban san meyasa ban yaga ba.

Na kira Farfesa nace karanta min. Ta karɓa tace 78. Nace takwas ɗin bata yi kama da shida ba. Tace Baba takwas ce kamar an buga da inji. Ta zauna kusa dani a ƙasa. Nace kiyi haƙuri da ranar nan. Tace ni ce na matsa. Nace a'a ke kika ci, na baki tik.

Na ari bironta. Daga yau da biro zan rubuta, ba magogi. Bari in nuna aikin yadda Malam keso.

Layi na 1. Idona ne. Ba tef ba, ba fitila ba, ba tawada ba. Wata takwas na sani.
Layi na 2. Na ɓoye saboda kar a ɗaukeni daga inji.
Layi na 3. Na yanka 76.
Layi na 4. Nace Dogo ne, harda ba mutane dariya dashi.
Layi na 5. Na ɓoye takardar.

Na nunawa Farfesa nace to malama nawa na ci, ai kuskure ɗaya ne a sama sauran binsa sukayi. Ta daɗe tana kallo. Tace na ɗaya ba kuskurenka bane Baba, ba a cire maki a nan. Na biyu ne kuskuren farko. Na uku ya biyo shi, wannan an bika. Amma na huɗu sabo ne. Na biyar ma sabo ne. In mutum ya sake sabon kuskure a ƙasa ana sake cirewa.

Yarinyar nan zata yi mugun malami.

Litinin 25, hutun rana

Na shiga ofis da takarda biyu, ta likita da ta awo. Na shirya barkwanci tun daga gida na manta shi a bakin ƙofa.

Nace yallaɓai karanta wannan lambar. Yace 78. Nace rubutun Dogo ne na ƙofofin makaranta, ni na gani 76, ga dalili. Na tura masa ta likitan. Ya karanta har ƙasa ya sake komawa sama.

Yace Baba kafinta kasan abinda wannan take nufi.

Nace na sani, ni na kawo.

Yace wata biyu mutumin nan na yawo da gargaɗi.

Nace shima na sani.

Yace daga yanzu kar ka ƙara taɓa inji, sauran sai na yi magana da na sama. Ya kira sakatariya yace ta kawo fayil ɗin Dogo. Na fito. Na wuce ta gaban injina, shekara goma sha tara ina kansa, na san kukansa in haƙori ɗaya ya dakushe. Wani ne a kai yana tura katako a karkace. Na ci gaba da tafiya.

Talata 26, da yamma

An cire wa Dogo takardar. Labari ya zaga shago. Ba wanda yace min komai, Sarki ma yau ba a kira ba. Dogo bai zo inda nake ba nima ban je ba.

Alhamis 28, 5 na yamma

Hukunci. Gargaɗin ya dawo fayil ɗina. Inji babu har abada. Mukamin babban kafinta babu. Za a barni a ɗakin sanfefa na wata uku a gani, albashin ƙaramin ma'aikaci, in na ci jarabawar manyan baƙaƙe a duba ko a barni a can. Sauran huɗun da muka faɗi tare jibi zasu kwashe kaya.

Na faɗawa Gwamnati nace an min ƙarin girma, yanzu duk aikin kamfani sai ya biyo ta hannuna kafin ya fita. Tace Malam. Nace to an rage. Tace yatsunka goma. Nace goma. Tace to ci abinci.

Litinin 2 ga sabon wata, 6 da kwata na yamma

Ɗakin sanfefa a bayan shago yake, taga ɗaya, ƙura har cikin kunne. Mu uku ne, ni da wasu mata biyu da suka fini sauri. Aikin da tafin hannu ake yi ba da ido ba, a nan dai ba mai kamani. Duk abinda aka haɗa a gaba nan ake kawowa mu goge zanen fensir mu maida shi sumul kafin fenti. Wato abinda ya kadani shi aka bani in dinga yi daga safe zuwa yamma. Na faɗawa matan basu gane abin dariyar ba.

Wajen ƙarfe uku aka turo kabad daga benci na biyu. Aikin Dogo ne, na gane tun daga yadda ya cika gam. Jikinsa duk lissafi, ƙanana ƙanana, bana iya karanta ko ɗaya, na bisu da sanfefa. Da na buɗe ƙofar na leƙa bangon ciki sai ga rubutu da fensirin kafinta, kowane baƙi ya kai tafin hannu.

78. KA GANI KO IN ƘARA GIRMA, TSOHON BANZA.

A ƙasa ya ja tik harda wutsiya, wutsiyar a karkace.

Na zauna akan bokitin fenti na ɗan jima. Ɗaya daga matan tace Baba ƙura ce ta shiga maka ido. Nace eh ƙura ce.

Na goge ko ina, sama da ƙasa da bayan ƙofa. Bangon ciki na barshi. Maigidana ya yafe min. Gobe mai fenti zai kai ƙarata, nasan abinda zance masa.

Jarabawa ranar Asabar. Farfesa ta ƙwace magogin ta saka a jakarta.